A Sayar da Sa a Sayi Kwamfuta? Awon da Marigayi Abdu Mumuni Ya Bar Mana



A ƙarshen damanar da ta wuce, wata ranar Laraba bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida ina duba takardun shirin komawa lakwal, sai ga wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama. Ɗansa ya bi ta ajina shekaru da dama da suka wuce, yaro mai ƙwaƙwalwa da natsuwa, yanzu kuwa ya ci bak har ya shiga shekara ta biyu a jami'a, sashen kimiyya. Muka gaisa, muka taɓa zancen gero da wake, sannan ya gyara zama ya ce, "Mushe, shawara ta kawo ni. Yaronka ya aiko, wai karatu ba ya yiwuwa sai da ordinatar, kuma wai jikka 150 ce. Ni ka san abin da na mallaka, san nan ne guda mai jan amalanke. In sayar, ko in bari?"

Na yi shiru. In na ce ya sayar, na raba gida da abin da ke kai taki gona, ya ɗauko ruwa, ya kai hatsi kasuwa. In na ce ya bari, wataƙila na datse wa yaro hanya. Sai na ce, "Baba, ba ni kwana uku."

Cikin kwana ukun nan ban je wajen masu sayar da kwamfuta ba, don mai kaya ba ya kushe kayansa. Na koma ga wani tsohon littafi da muka taɓa leƙawa muna makarantar horon malamai, da kuma tarihin mutumin da ya rubuta shi, wato Farfesa Abdu Mumuni, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Da yawa daga cikin ɗalibanmu suna wucewa ƙarƙashin sunan nan safe da yamma, amma in ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi me mutumin ya yi, iyakarsa ya ce maka, "Ai mai aikin rana ne."

Wane ne Abdu Mumuni?

An haife shi a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Bayan karatun firamare a nan gida, aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransawa ke horar da malamai da ma'aikatan ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Ke nan shi ma ta ƙofar horon malamai ya shigo, abin da ke sa ire-irenmu masu cin alli mu ɗan ɗaga kafaɗa. Daga nan ya wuce Faransa, a 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin kimiyyar fizik, jarrabawar da Faransawa ke tace manyan malamansu da ita, kuma shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan fanni.

Mai irin wannan takarda a wancan zamani, da ya so zama a Paris ya ci daɗi, babu mai hana shi. Sai ya dawo aji. Ya koyar a Dakar. Da Gine ta ƙi tayin Janar De Gaulle a 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayansu suka bar ta a tsaye, yana cikin ƴan Afirka da suka tafi Konakiri don kada makarantu su mutu. Ya koyar a Yamai, ya je Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960 ya zurfafa bincike kan ƙarfin hasken rana, daga 1964 zuwa 1969 kuma yana Bamako, inda ya kafa ɗakin binciken hasken rana na ƙasar Mali. A 1967 ya samu babban digirinsa na dakta a Paris. A 1969 ya dawo gida ya riƙi ofishin hasken rana na ƙasa, wanda aka fi sani da ONERSOL, har zuwa 1985, yana kuma koyar da fizik a jami'a, wadda ya shugabanta daga 1979. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991.

Mai karatu zai lura da shekarar rasuwar. Intanet ba ta shigo Nijar ba sai bayansa, salula kuwa ko labarinta babu a garuruwanmu. Saboda haka ba zan ɗora masa maganar da bai yi ba game da kwamfutar ɗalibi ko WhatsApp. Abin da ya bari shi ne littafi da aikin hannu, kuma daga su biyun ne na ciro mudun da nake son mu auna na'urorin yau da shi. In awon ya karkace, laifina ne, ba nasa ba.

Abin da littafin ya ce

Sunan littafin L'Éducation en Afrique, ya fito a Paris a 1964, aka juya shi zuwa Ingilishi a 1968, aka sake buga shi a 1998. Abin mamaki, masanin fizik ne, amma bai fara da injuna ba. Ya fara da tarbiyyar gargajiya, yadda kakanninmu ke rainon yaro kafin zuwan Nasara. Ya nuna cewa wannan tarbiyya ta gari ce gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba; tana tafiya daki-daki bisa shekarun yaro; tana gyara jiki da hali da hankali a lokaci guda; kuma, abin da ya fi dacewa da zancenmu, ba ta raba sani da aiki. Ɗan maƙeri a bakin zuga-zugi yake koyon halin ƙarfe, ɗan manomi da kalme a hannu yake gane ƙasar da za ta karɓi gero da wadda sai dawa. Bai kuma ɓoye rauninta ba, musamman inda babu rubutu, don ilimin da ke cikin kai kaɗai yana da iyaka, kuma yakan bi mai shi kabari.

Sannan ya juya kan lakwal ɗin mulkin mallaka. A ganinsa ba a gina ta don ƙasa ta tsaya da ƙafarta ba; an gina ta don a samu ƴan tsirarun mataimaka, malaman ofis da tafintoci da masu ɗaukar umurni, waɗanda za su iya tafiyar da abin da wani ya tsara a wani wuri. Ya yi kashedi cewa ƙasashen da suka samu mulkin kai suna ci gaba da wannan tsari, an canza tuta ba a canza aji ba. Maganin da ya kawo ya haɗa da yaƙi da jahilci gadan-gadan, koyarwa cikin harsunan Afirka, haɗa karatu da aikin hannu da tattalin arzikin ƙasa, da kafa binciken kimiyya a nan gida.

To, in ka riƙe wannan a zuci, tambayar da za ka yi wa kowace na'ura da aka shigo da ita aji ta fito fili: shin tana mai da ɗalibi maƙeri ne, ko tana ƙara horar da shi ya zama tafintan abin da wani ya ƙera?

Akwatin baƙin ƙarfe

A ONERSOL ba takardu kaɗai ake rubutawa ba. Akwai ɓangaren bincike, akwai kuma maƙera inda ake harhaɗa kaya: na'urar ɗumama ruwa da rana, na'urar tace ruwa, murhun rana, abin shanya kayan gona, har da gwajin injin da zafin rana ke juyawa. Bari in ɗan tsaya a kan ta ɗumama ruwa, don ita nake kai wa ƴan ajina misali kullum, kuma a cikinta nake ganin dukan ra'ayin mutumin.

Akwati ne shimfiɗaɗɗe. A cikinsa akwai faifan ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, da bututai manne da shi, an rufe samansa da gilashi, an kuma ɗora tanki a bisa. Baƙin ƙarfe ya fi fari shan zafi, kowace mace mai shanya ta san haka. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana tsare zafin kada iska ta kwashe shi. Ruwan da ya yi zafi cikin bututu ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har rana ta faɗi. Babu famfo, babu kuran, babu man fetur. Ɗalibin da ya yanka ƙarfen nan da hannunsa, ya jingina akwatin yana fuskantar kudu, ya sa ma'aunin zafi yana rubuta lamba kowace awa, ya ga yadda ƙurar hunturu ke rage masa zafi in bai share gilashin ba, wannan ɗalibi ya karanta babi uku na fizik a yini ɗaya, kuma ba zai manta ba ko da an tashe shi daga barci. In na'urar ta lalace, ya san inda zai taɓa. In uwarsa ta tambaye shi, zai iya yi mata bayani da Hausa ko Zabarmanci.

Ga abubuwan da na tsinta a nan. Na'urar ta dace da abin da ƙasa ke da shi a yalwace, wato rana. Ɗalibi yana iya buɗe cikinta. Malami kuma yana tsaye a gefensa, ba a nesa ba. Kada a ɗauka Abdu Mumuni mai gudun zamani ne. Mutum ne da ya yi digirinsa kan yadda haske ke taruwa a tsakiyar lanƙwasasshen madubi, lissafin da ba kowa ke iya binsa ba. Yana son na'ura ƙwarai. Abin da ba ya so shi ne mu zama ƴan kallo a gabanta.

Mun taɓa gwadawa

Matasa na tsammanin yau aka fara zancen koyarwa da na'ura a ƙasar nan. Ina! A 1964, shekarar da littafin nan ya fito, aka fara talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa, abin da ake kira Télé-Niger. Malamai sun yi ƙaranci, sai aka ce bari a shirya darussa masu kyau a ɗakin ɗaukar hoto, a watsa su zuwa ajujuwa, a sa masu kula da aji waɗanda iyakar karatunsu firamare ce da ɗan gajeren horo. A zagayen farko ajujuwa 22 ne, yara wajen 800. Tun a 1968 har an gwada kunna akwatin talabijin na wata lakwal kusa da Yamai da faifan hasken rana. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo kallo, an yi rubuce-rubuce a kai, kuma gaskiya yaran sun iya magana da Faransanci, suna son zuwa aji, ba sa gudu.

Amma ina yake yau? Kuɗi da ƙwararru da kayan gyara, galibinsu daga waje suke zuwa. Shirin ya daɗe yana tafiya a gefe guda, malaman lakwal na ainihi suna kallonsa kamar kishiya. An faɗaɗa shi daga baya, amma bai taɓa kai yawancin yaran ƙasa ba, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma ya tsaya, gidan ya koma talabijin na ƙasa a 1979. Kodebuwa ta yi irinsa, mafi girma nesa ba kusa ba, daga birnin Buwake, ta fara a 1971 ta rufe a farkon shekarun 1980 bayan iyaye da malamai sun yi ta kuka. Wani tsohon dirakta da na yi aiki ƙarƙashinsa, wanda ya ga zamanin, yakan ce mana akwatin ya iya darasi fiye da shi, amma bai taɓa sanin wane yaro ne ya kwana da yunwa ba.

A matakin jami'a ma an yi. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta nesa, inda ake harbo laccoci ta tauraron ɗan Adam daga jami'o'in Amurka da Turai da Kanada zuwa ɗakuna a jami'o'in Afirka. Niyya mai kyau ce, wasu kuma sun amfana. Sai dai da tafiya ta yi tafiya, masu shirin da kansu suka karkata zuwa ga sa malaman Afirka su riƙa shirya darussan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Jami'ar yau

Ba zan yi wa malaman jami'a rashin adalci ba. Da jami'ar gwamnati ɗaya muke da ita, wadda aka fara a 1971. A 2010 aka buɗe na Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ɗalibai sun ninka, littattafai ba su ninka ba, ɗakunan gwaji ma haka. Malami ɗaya a gaban ɗaruruwan ɗalibai cikin anfi, wasu a kan taga, wasu a ƙasa, ba zai iya bin kowa ba. A irin wannan hali na'ura rahama ce. Littafin da a da ɗalibai hamsin ke layi a kansa a laburare, yau yana shiga salular kowa cikin minti ɗaya. Ɗalibar da haihuwa ta tsare ta a gida tana iya sauraron laccar da ƙawarta ta naɗo mata. Malamin ƙauye irina yana iya ƙaro karatu ba tare da ya bar ajinsa shekara uku ba. Wanda ya ce a jefar da wannan duka, bai san zafin neman littafi ba.

Amma na ga ɗaya fuskar da idona. Shekarun baya na koma ƙaro ilimi a wata jami'a, ba sai na faɗi sunanta ba. Muna da malami mai zuwa da kwamfuta da majigi, ya haska rubutu a bango, ya karanta mana shi kalma bayan kalma, mu kuma muna ɗaukar hoton bangon da salula. Ranar da kuran ya ɗauke sai ya rufe kwamfutarsa ya ce darasi ya tashi. Ga allo, ga alli, ga mu zaune, amma darasi ya tashi! Ashe ilimin ba a kansa yake ba, yana cikin akwati. Wannan ba sabon abu ba ne. Shifta ce irin ta zamanin Nasara aka sa mata wutar lantarki. A wannan sashe kuma muna da wata malama wadda ke aiko mana da karatun mako tun ran Lahadi ta salula, ta ce kowa ya karanta a gida. In mun shigo ba ta maimaita shi. Sai ta rubuta matsala ɗaya a allo, ta raba mu biyar-biyar, ta yi ta zagayawa tana tambaya, "Me ya sa? Wa ya gaya maka? Nuna mini." Muna fita da gumi. Na'ura ɗaya suke amfani da ita su biyun. Ɗaya ya ɓuya a bayanta, ɗaya ta sa ta ɗauke mata dakon takardu don ta samu lokacin koyarwa.

Zancen kuran kuwa ba na wasa ba ne. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasar nan. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris 2020, aka ce a yi karatu daga gida, mun ga wanda ya yi da wanda bai yi ba: ɗan birni mai wuta da kuɗin intanet ya ci gaba, ɗan ƙauye ya koma gona. A watan Agusta 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, wadda ita ce mafi yawan abin da muke sha a lokacin, ɗalibai suka riƙa yawo da caja a aljihu kamar masu bara. A ƙarshen wannan shekara ce tashar hasken rana ta Goru Banda, mai megawat 30, ta fara ba Yamai wuta. Na ce a raina, Allah ya jiƙan mutumin Tasawa, abin da ya yi ta faɗa ke nan tun muna cikin zanen goyo. Amma ko a nan akwai abin dubawa: faifan rana ya cika kasuwanninmu, a kan rumfuna da masallatai da rijiyoyin burtsatse, sai dai kusan dukansu daga waje ake shigo da su, kuma sau da yawa in ƙaramin abu ya ƙone a ciki sai a jingine, a jira wani ya zo daga birni.

Na taɓa koyarwa a wata lakwal da wasu masu taimako suka kawo wa kwamfuta goma. Aka yi biki, aka yi jawabai, aka ɗauki hoto. Daga nan aka kulle su a ɗaki don kada yara su ɓata. Bayan shekara biyu da aka buɗe, ƙura da zafi da ɓeraye sun riga yaran.

Sabon baƙo

Tun ƙarshen 2022, da ChatGPT ya fito, an samu wani baƙon da ya fi talabijin da majigi wayo. Ka rubuta masa tambaya, ya rubuto maka amsa shafi biyu da Faransanci mai santsi, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya, don yakan ƙaga abu ya faɗe shi da ƙarfin hali kamar ya gani. Malaman jami'a suna kukan cewa aikin gida ya zama wasa: ɗalibi ya miƙa takarda babu kuskure ko ɗaya, ka tambaye shi ma'anar layin farko ya kama kallon silin.

Wasu sun ce a hana. Ni ban ga yadda za a hana abin da ke cikin aljihun kowa ba. In muka bi awon Abdu Mumuni, hanyar ita ce a buɗe cikinsa. A nuna wa ɗalibi yadda abin ke aiki, cewa ya haɗiyi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ne yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, ba wai ya je Galmi ya ga albasa ba. A ba shi aiki ya tambayi na'urar, sannan ya fita ya auna da hannunsa, ya dawo ya nuna inda ta yi daidai da inda ta yi shirme. A kuma dawo da tambayar baka, ɗalibi ya tsaya gaban malami ya kare abin da ya rubuta. Wannan ya fi wahala ga malami, na sani, musamman mai ɗalibai ɗari biyar. Amma takardar digirin da na'ura ta ci, ranar da aka ba mai ita gada ya gina ko majinyaci ya duba, mu ne za mu biya.

Akwai kuma zancen harshe, wanda marigayin ya fi kowa nacewa a kai. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a wata lakwal a Damagaram, kuma mu da muka riƙe irin waɗannan ajujuwa mun san yadda yaro ke buɗe baki in an yi masa magana da harshen da yake mafarki da shi. A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Madalla. Amma na'urorin nan abin da aka zuba musu suke mayarwa, kuma abin da aka rubuta na kimiyya da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci, kaɗan ne ainun. Wa zai rubuta? Ba wani ba ne illa malaman jami'o'inmu da ɗalibansu. Da kowane ɗalibin kimiyya za a ce kafin ya karɓi takardarsa sai ya rubuta shafi biyar da harshen uwarsa yana bayanin abin da ya bincika, da cikin shekara goma mun tara abin da ba mu tara ba tun samun mulkin kai. Kuma wannan jarrabawa ce mai tsanani, don wanda bai gane abu ba yana iya ɓuya cikin Faransanci, amma ba ya iya ɓuya cikin Hausa a gaban kakarsa.

Amsar da na ba dattijo

Da kwana uku suka cika, kafin in je wajensa na kira yaron. Na ce, "Me za ka yi da ita?" Ya ce darussa ake aikowa. Na ce, "Salularka ba ta buɗe su?" Ya ce tana buɗewa, sai dai rubutun ƙanana ne. Na ce wannan bai kai a sayar da sa ba, sai me kuma? Ya ɗan yi jim, sannan ya ce a bana za su fara koyon rubuta umurnin kwamfuta, da lissafin sakamakon gwaje-gwaje, kuma ɗakin kwamfutocin sashensu ba ya isarsu, sai mutum ya yi mako bai samu zama ba. Na ce yawwa, yanzu ka yi magana. Wannan aikin maƙera ne, kuma maƙeri ba ya aiki da guduman aro har abada.

Na sami dattijon a zaure bayan magariba. Na ce, "Baba, kada ka sayar da sa. Abin da yaron ke bukata ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai lafiya ta isa, kuma kuɗinta bai kai rabin wancan ba in an samu mai ido ya duba batirinta da allonta kafin a biya. Akwai ɗan ƙanwarka da suke ɗaki ɗaya a can, ku haɗa kuɗi gida biyu su riƙa karɓa-karɓa." Ya ce wannan mai sauƙi ne, akuya biyu da buhun wake sun fitar da rabonsa. Na ce saura sharaɗi ɗaya, kuma kai za ka riƙe shi, ba ni ba. Duk hutun da ya zo gida, ka zaunar da shi a nan zauren, ya buɗe ta a gabanka, ya gaya maka da Hausa abin da ya yi da ita, ba abin da ya kalla a cikinta ba. In ka gane, kuɗinka bai faɗi ba. In ya kama kawo maka Faransanci, ka aiko a kira ni.

Dattijo ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Mushe, ni da ban yi lakwal ba, ni zan yi wa ɗan jami'a jarrabawa?" Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce to shi ma yana da tasa tambayar da ya tanada: faifan ranar da ke kan masallacin unguwa wata huɗu ke nan ba ya kawo wuta, an rasa mai dubawa, in yaron ya zo hutun Disamba da nan za a fara.

An sayi kwamfutar a jikka 70. San yana nan, jiya ma na gan shi ya wuce da kara.